Yagewar hoto a Linux: gyaran X11, komawa Wayland, ko sabuwar monita mai FreeSync?

Tun da Microsoft ya janye hannu daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, masu tsofaffin laftof suka shiga neman mafita, domin Windows 11 tana buƙatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0, a ɓangaren Intel kuma sai ƙarni na 8 zuwa sama. EliteBook da Latitude da ThinkPad 'yan gwanjo da ke ofisoshi da shagunan buga takardu a Abuja, da yawansu ba su kai nan ba. Wasu masu su sun koma Linux Mint, wasu Ubuntu, inji kuma ya tashi garau. Sai dai akwai ƙorafin da kan biyo baya: kana kallon bidiyo ko kana jan shafi ƙasa, sai wani layi ya ratsa allon a kwance, saman hoton ya ƙi daidaita da ƙasansa, ya ɓace, ya sake dawowa. Wannan ita ce yagewar hoto.

Shawara uku za ka ji. Wani zai ce a ƙara layi ɗaya a fayil ɗin saiti. Wani zai ce a bar X11, tsohon tsarin da Linux ke zana tagogi a allo da shi, a koma sabon, wato Wayland. Mai sayar da kaya kuwa zai ce monitar ce ta tsufa, ka ɗauki mai FreeSync, fasahar da ke sa monita ta bi saurin katin hoto. Dukansu suna da gaskiya a wani wuri, amma ba cuta ɗaya suke magani ba, kuma ta ukun ce kawai ke cin kuɗi. A ganina mafi yawan masu wannan ƙorafi ba sa buƙatar sayen komai.

Monita mai 60Hz tana zana hoto daga sama zuwa ƙasa sau 60 a daƙiƙa, kowane zagaye kimanin milisakan 16.7. Ba ta jiran kowa. Katin hoto shi ma yana nasa aikin, yana miƙa sabon firam, wato cikakken hoto guda, duk lokacin da ya gama. Kamar ɗalibi ne da ke kwafar karatu a allo, ya kai tsakiyar shafi sai aka juya masa littafin, shi kuma ya ci gaba da rubutu daga inda hannunsa yake: rabin sama na shafin farko, rabin ƙasa na shafi na biyu. Inda suka haɗu shi ne layin da kake gani. Tsohon maganin shi ne V-Sync, wato a hana katin canza firam sai monita ta gama zagayenta. Yana aiki, amma da tsada: idan firam ya ɗauki milisakan 18 maimakon 16.7, ya rasa zagayen nan ke nan, sai ya jira na gaba, ya fito a 33.3. Shi ya sa gem ɗin da ya kamata ya yi firam 55 a daƙiƙa yakan faɗo 30 farat ɗaya, linzami kuma ya yi nauyi a hannu.

Kafin komai, tabbatar yagewa ce

Abubuwa biyu suna kama da ita a nan ƙasar, kuma babu saitin Linux da zai taɓa su. Na farko wayar VGA. Siginarta ba ta dijital ba ce, tana kwasar hayaniyar lantarki, musamman idan an tada janareta ko caja ba ta kirki ba ce. Alamarta igiyoyi masu tafiya a hankali sama ko ƙasa, ko da hoton a tsaye yake. Yagewa kuwa sai abu yana motsi take bayyana. Zare cajar laftof ɗin ka duba. In igiyoyin sun ɓace, ka nemi wayar HDMI ko DisplayPort, ka kyale Linux.

Na biyu ɗingishin bidiyo. Tsarin talabijin ɗinmu na firam 25 ne a daƙiƙa, kuma 25 ba ya raba 60 daidai, saboda haka wani firam yakan zauna zagaye biyu, wani uku. Idan kyamara tana bin ɗan ƙwallo a fili sai ka ga hoton yana ɗan tuntuɓe, amma ba layi. Idan monitarka tana karɓar 50Hz ko 75Hz, juya ta can, lissafin zai zauna.

In ka tabbatar layin ne, buɗe tamina, tagar da ake rubuta wa inji umarni, ka tambayi injin abu biyu. `echo $XDG_SESSION_TYPE` zai amsa da x11 ko wayland. `lspci | grep -i vga` zai faɗa maka katin Intel ne, AMD ne, ko NVIDIA. Da amsoshin nan biyu za ka yanke duk sauran hukunci.

Zama a X11 da faci

X11 tun 1987 yake, ba a gina shi da tunanin daidaita firam ba. Abin da ke rufa masa asiri shi ne mai harhaɗa tagogi, manhajar da ke tattara hoton kowace taga ta miƙa wa allo a dunƙule. Cinnamon, teburin Linux Mint, wato fuskar da kake gani da tagogi da menu, yana da nasa a kunne koyaushe, shi ya sa ƙorafi ya fi yawa a tebura marasa nauyi irin Xfce da LXQt, waɗanda daidai su ake ɗora wa tsofaffin inji. A Xfce, gwada `xfconf-query -c xfwm4 -p /general/vblank_mode -s xpresent`, ka fita ka sake shiga. In bai yi ba, sa glx a madadin xpresent. A inda babu mai harhaɗa tagogi sam, ana girka picom a kunna masa vsync.

Idan wannan bai wadatar ba sai a gangara wurin direba, manhajar da ke sarrafa katin hoto, kuma a nan katunan suke rabuwa. Mai AMD ya fi kowa samun sauƙi. Yana iya gwadawa nan take da `xrandr --output HDMI-A-0 --set TearFree on`, yana mai sa sunan tashar da xrandr ya nuna masa. In layin ya tafi, sai ya dawwamar da shi a fayil ɗin `/etc/X11/xorg.conf.d/20-amdgpu.conf`:

```
Section "OutputClass"
    Identifier "AMD"
    MatchDriver "amdgpu"
    Driver "amdgpu"
    Option "TearFree" "true"
EndSection
```

Harafi ɗaya ya kuskure a nan, baƙin allo za ka tarar idan ka sake kunnawa. Ba abin tashin hankali ba ne: danna Ctrl da Alt da F3, shiga da sunanka, goge fayil ɗin, komai ya dawo yadda yake.

Mai Intel shi ne ake yawan ɓata wa lokaci. Intanet cike yake da shawarar TearFree ta Intel, amma wannan saitin na tsohon direban nan ne mai suna intel, alhali Ubuntu da Mint da Debian sun daɗe suna amfani da wani daban, modesetting, wanda a fitowa ta 21.1 ta Xorg, manhajar da ke tafiyar da X11, bai san wannan saitin ba. Ko dai ka rubuta ba abin da ya canza, ko ka tilasta wa injin komawa tsohon direban da gyaransa ya yi ƙaranci, ka sayi sabuwar matsala. A kan kati irin HD 4000 yakan yi aiki lafiya. A kan sababbi ba na ba da shawararsa.

Mai NVIDIA kuma yana da akwati ɗaya a cikin nvidia-settings, "Force Full Composition Pipeline". Yana kashe yagewa kwata-kwata, yana kuma ƙara ɗan jinkiri, wanda mai rubutu da kallon bidiyo ba zai taɓa ji ba, mai gem kuwa zai iya ji. Laftof mai kati biyu, Intel da NVIDIA, yana buƙatar `nvidia-drm.modeset=1` a layin tashin kanal, wato zuciyar Linux, in ba haka ba katunan biyu ba sa jiran juna.

Inda X11 ke gazawa ƙarara shi ne allo biyu. A wurinsa duk allunan shimfiɗa ɗaya ce, da agogo ɗaya. Haɗa laftof mai 60Hz da monita mai 144Hz, ɗaya zai sha wahala: ko mai saurin ya koma tafiyar 60, ko mai jinkirin ya riƙa yagewa.

Komawa Wayland

Kristian Høgsberg ya fara Wayland a 2008, kuma burinsa tun farko shi ne kowane firam ya isa allo cikakke. Ba faci ba ne a kan wani abu. Tsarin ne haka. Manhaja ta gama zane, ta miƙa, mai harhaɗa tagogi ya jira monita ta gama zagaye, sannan ya canza. Kowane allo da agogonsa, saboda haka 60 da 144 suna zama tare ba faɗa. Fedora 25 ta mayar da shi zaɓin da take tashi a kai a 2016. Ubuntu ta gwada a 17.10, ta ja da baya a 18.04, ta dawo a 21.04. KDE Plasma 6.0, da ya fito a Fabrairun 2024, shi ma a kansa yake tashi. Ubuntu 25.10 ta cire zaɓin X11 daga teburinta na GNOME baki ɗaya, wanda ke nuna inda aka dosa.

Ga mai Intel ko AMD a kan Ubuntu, gwajin bai fi minti biyu ba. Fita daga asusunka, danna sunanka, ka duba ɗan tambarin giya da ke ƙasan allo ta dama, ka zaɓi zaman da ba a rubuta Xorg a kansa ba. Mai EliteBook 840 G3 da katin HD 520, wanda zai kwana yana fama da fayil ɗin saiti a X11, a nan matsalarsa ke ƙarewa.

Sai dai ba kowa ke da wannan ƙofar ba. Wayland na Cinnamon, wanda ya fara zuwa da Mint 21.3 a Janairun 2024, da sunan gwaji ya zo, haka ma na Xfce 4.20 a Disamban 2024. Wanda ke kan waɗannan, in yana son Wayland na sosai, canza tebur ne a gabansa, zuwa GNOME ko KDE, kuma inji mai RAM 4GB zai ji nauyin GNOME. Kubuntu 24.04 tana da Plasma 5.27 a kan X11, sai ka girka plasma-workspace-wayland kafin zaɓin ya bayyana.

NVIDIA labarinsa daban ne. Direba 495 na 2021 ya buɗe hanya, amma walƙiyar tagogi da firam masu komawa baya sun ci gaba da damun mutane har sai da direba 555 ya zo a tsakiyar 2024, tare da Plasma 6.1 da GNOME 46.1 da Xwayland 24.1. Daga nan zuwa sama lamarin ya gyaru sosai. Ubuntu 24.04 tana ajiye mai NVIDIA a X11, 24.10 ce ta mayar da shi Wayland. Amma tsofaffin katunan zamanin Kepler, yawancin jerin GTX 600 da 700 da Quadro K da ke cikin manyan laftof 'yan gwanjo, sun tsaya a direba 470. Mai irin wannan ya zauna a X11 da akwatin nan na nvidia-settings, shi ne zaman lafiyarsa.

Abu ɗaya da mai gyaran kwamfuta zai so ya sani: wasu manhajojin shiga injin kwastoma daga nesa, da tsofaffin manhajojin ɗaukar bidiyon allo, sun fi zama daidai a X11. In da su kake neman abinci, gwada su kafin ka ƙaura.

Monita mai bin kati

Duk abin da ya gabata V-Sync ne a kamanni daban-daban: kati yana jiran monita. Sabon tsarin ya juya lamarin, monita ce ke jiran kati. Firam ya ɗauki milisakan 18, ita ma ta jira 18, a wannan lokacin ta zama mai 55Hz. Babu yagewa, babu faɗuwa zuwa 30, babu nauyin linzami. NVIDIA ya fara da G-Sync a 2013, da wani guntun na'ura mai tsada a cikin monitar. VESA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin allo, ta shigar da Adaptive-Sync cikin DisplayPort 1.2a a 2014, AMD ya gina FreeSync a kansa ya fitar a 2015 ba tare da wannan guntun ba. A Janairun 2019 NVIDIA ya sauko ya yarda katunansa su yi aiki da monitocin FreeSync, a Maris na shekarar kuma kanal 5.0 ya kawo FreeSync ga masu AMD a Linux.

Lura da abin da wannan ke magani: firam masu hawa da sauka. Gem ke nan. Mai Calc, takwaran Excel a LibreOffice, mai YouTube, mai rubuta takardar makaranta, ba abin da zai ƙaru da shi wanda Wayland bai ba shi kyauta ba. Kuma tun da an zo maganar gem, in don ƙwallon EA kake shirin wannan ɗawainiya, dakata: tun daga FIFA 23 manhajar hana maguɗi da ke cikinta ba ta tashi a Linux, haka ma Valorant da Fortnite. Counter-Strike 2 da Dota 2 kuwa a gida suke, da dubban wasu ta hanyar Proton, mai tada gem ɗin Windows a Linux, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2018.

In ka tsallake wannan, sharuɗɗa huɗu ne a jere, ɗaya ya faɗi duk sun faɗi: kati, waya, monita, tebur.

Katin Intel na da, HD 4000 da HD 520 da UHD 620, ba sa yi, ko da laftof ɗin yana da tashar DisplayPort. A Linux daga ƙarni na 11 da kanal 5.12 abin ya fara. AMD irin RX 570 da RX 580 da Ryzen masu Vega a ciki duk suna yi, ba tare da girka wani direba ba. NVIDIA daga GTX 10 zuwa sama, kuma a GTX 10 ta DisplayPort kawai.

Waya ita ce aka fi rainawa. VGA ba ta yi, ɗan adaftan HDMI zuwa VGA ba ya yi. FreeSync ta HDMI fasahar AMD ce shi kaɗai, ta shigo Linux a kanal 5.13, kuma katin NVIDIA ba ya jin yarenta. Shi sai HDMI 2.1, daga GTX 16 da RTX 20. A Fabrairun 2024 ƙungiyar HDMI Forum ta ƙi amincewa AMD ya saki HDMI 2.1 a buɗaɗɗen direbansa, abin da ya taɓa masu haɗa kwamfuta da babban talabijin mai 4K da 120Hz. Taƙaitawar duk wannan rikici kalma ɗaya ce, DisplayPort, ko USB-C mai ɗauke da shi.

A monita, lambar da ta fi tambarin FreeSync muhimmanci ita ce tazarar da take aiki a ciki. Masu araha da yawa 48 zuwa 75 ne. Gem ya faɗo 45, ka fita daga tazarar, yagewa ko ɗingishi ya dawo. Mai 48 zuwa 144 tana da dabara: firam ya faɗo 40, sai ta nuna kowanne sau biyu a 80Hz, ta ci gaba da bin katin. Ana kiran wannan LFC, kuma sai lambar sama ta ninka ta ƙasa aƙalla sau biyu yake yiwuwa. Mu da muke da katunan da ke yawo tsakanin 35 da 60, kuma laftof ke rage ƙarfi da zarar an ɗauke wuta ya koma batir, ƙasan tazarar nan ne muke rayuwa. Saboda haka mai 75Hz ba rabin mai 144Hz ba ce; a wurin da ka fi buƙatarta, ba ta nan. A ɗaya gefen, 144Hz ya fi 60Hz cin wuta, mai inbata ya sa wannan a lissafi. Allunan VA da OLED kuma sukan yi ɗan walƙiyar haske idan firam yana tsalle sosai, musamman a wurare masu duhu.

Tebur shi ne na ƙarshe, kuma a nan KDE ya fi. Tun Plasma 5.22 a Yunin 2021 yake da zaɓin a saitin allo na Wayland: "Never", "Automatic", "Always". Ɗauki na tsakiya, wanda ke kunnuwa sai taga ta cike allo. Na ƙarshen yakan sa walƙiya a aikin yau da kullum. GNOME sai a fitowa ta 46, Maris 2024, ya kawo nasa, a ɓoye da sunan gwaji. A wannan fitowar ana buɗe shi da `gsettings set org.gnome.mutter experimental-features "['variable-refresh-rate']"`, a fita a sake shiga. Kafin nan duba da `gsettings get`, domin umarnin yana share duk wani gwajin da aka riga aka kunna, har da na daidaita girman rubutu a allo. Masu Sway, wani mai harhaɗa tagogi na Wayland, layi ɗaya ne, `output * adaptive_sync on`.

A X11 ma yana yiwuwa: mai AMD ya ƙara `Option "VariableRefresh" "true"` a fayil ɗin ɗazu, mai NVIDIA ya kunna G-Sync a nvidia-settings ya kuma cire akwatin "Force Full Composition Pipeline", domin su biyun ba sa tafiya tare. Amma sai gem ya cike allo, kuma allo na biyu yakan lalata komai. NVIDIA sai a direba 570, farkon 2025, ya kawo wannan fasaha ga masu allo fiye da ɗaya.

A gaban mai shago

In ka yanke shawarar saye, a Banex da ke Wuse 2 ko a ko'ina, je da injinka da wayar DisplayPort ɗinka. Za a ce maka, "Yallaɓai, wannan ta gem ce, ga tambarin nan a jiki." Ka ce, "To Malam, a jona mu gani." Fara da maɓallan jikin monitar, domin da yawa FreeSync a kashe yake fitowa daga kamfani, kuma muddin a kashe yake Linux zai ce monitar ba ta iyawa. A KDE, in zaɓin "Adaptive sync" bai bayyana a saitin allo ba, wani a cikin huɗun nan ya faɗi. A X11 da katin AMD, `xrandr --prop | grep vrr_capable` ya nuna 1. Monitoci da yawa suna da ɗan ma'auni a cikin saitinsu mai nuna Hz a kusurwa: buɗe gem ko ƙaramar manhajar VRRTest a cikakken allo, ka zuba wa lambar ido. Tana rawa tsakanin 70 da 90 da 110, abin yana aiki. Ta kafe a 144, ba ya yi, ko me aka rubuta a kwali. Filas mai ɗauke da Fedora KDE ya isa wannan gwajin a katin AMD ko Intel ba tare da girka komai ba. A NVIDIA kuwa ba zai faɗa maka gaskiya ba, saboda direban kamfanin ba ya cikin filas ɗin.

To wa zai ɗauki wanne? Mai laftof ɗan gwanjo da katin Intel, wato mafi yawanmu: Wayland, a Ubuntu ko Fedora ko Debian 13, kuɗin monita kuma ya tafi ga SSD ko ƙarin RAM. Wanda ya saba da Mint ko Xfce kuma ba ya son ƙaura: gyara mai harhaɗa tagogi, in AMD ne ƙara TearFree, allo ɗaya zai zauna lafiya. Mai tsohon NVIDIA na direba 470: X11. Mai gem da ke haɗa kwamfutar tebur daga tushe don Linux: katin AMD, wayar DisplayPort, monita mai 48 zuwa 144, KDE a kan Wayland. Mai RTX ba ya buƙatar sayar da katinsa, ya dai tabbatar direbansa ya kai 570 in allo biyu gare shi.

Bayan an kunna, saura abu ɗaya. Idan gem ya wuce 144 ya fita tazarar ta sama, V-Sync da jinkirinsa su dawo. Ka ɗaure shi ƙasa kaɗan, a 141, ko daga saitin gem ɗin, ko ta manhajar MangoHud da `fps_limit=141`. Mai monita 165Hz ya sa 162.